Ramin da Ya Ɗinke Jiragen Bayan Garin Paris

A tsakiyar watan Disamba na 1969 jirgi mai cin gawayi na ƙarshe ya bar tashar Bastille a birnin Paris. Shekara 110 ke nan tashar tana aiki. Tun 1859 jiragenta ke hawa doguwar gadar jan bulo da ta bi gefen titin Daumesnil, su nufi Vincennes da garuruwan bakin kogin Marne. A ranakun aiki ma'aikata suke kwasowa zuwa birni. Ranar Lahadi kuwa talakawan birni ne ke cika taragu zuwa Nogent da Joinville, inda ake cin soyayyen kifi ana rawa a rumfunan bakin ruwa. A da har akwai wasu taragu masu bene da jama'a suka laƙaba wa suna Bidel, sunan wani mai wasa da zakuna, don sandunan da aka gitta a tagogin sun mai da na ciki kamar namun dajin da aka rufe a keji.

Layin kansa bai mutu ba. An ja masa wayar lantarki, an karkatar da shi daga Vincennes ya nutse ƙarƙashin ƙasa zuwa wata sabuwar tasha a dandalin Nation. Tashar Bastille ce aka bari a baya, tare da ƙananan tashoshin Reuilly da Saint-Mandé waɗanda sabuwar hanyar ta kauce musu. Ginin ya zauna ana baje koli a cikinsa har 1984, aka rushe shi aka gina gidan wasan waƙe-waƙe na Opéra Bastille a gurbinsa. Gadar kuwa an shuka mata furanni a sama, masu sana'ar hannu suka kama shaguna a ƙarƙashinta.

Haka sabon layi mai ratsa birni yake fara taɓa tsofaffin jiragen bayan gari: ya ɗauke musu wurin tsayawarsu na ƙarshe. Sauran abin da yake yi musu sai a hankali yake fitowa, kuma Paris ta ga kusan dukkansa.

Tun farko ba a gina layukan dogon Faransa don su ratsa babban birnin ba, an gina su ne don su ƙare a bakinsa. Na farko da ya ɗauki fasinja daga Paris shi ne wanda Émile Pereire da ɗan'uwansa suka buɗe a watan Agusta na 1837, zuwa Le Pecq a gindin tudun Saint-Germain. Dokar 1842 ta tsara manyan layuka su fita daga Paris zuwa kowace kusurwar ƙasa, aka raba su ga kamfanoni masu zaman kansu. Kowane kamfani ya gina tasa katafariyar tashar a gefen birnin da ke fuskantar yankinsa: Gare du Nord ta arewa, Gare de l'Est ta gabas, Gare de Lyon da Austerlitz ta kudu, Montparnasse da Saint-Lazare ta yamma. A kowacce jirgi shigowa yake yi ya tsaya, fasinja su watse, sannan ya koma ta inda ya fito. Wanda ke zaune a gabas yana aiki a yamma sai ya san yadda zai yi da kansa a tsakani.

Kamfanonin sun so su haɗa tashoshin nan ta ƙarƙashin birni, gwamnatin ƙasa ma ta goyi bayansu. Majalisar birnin Paris ce ta ƙi. An kwashe kusan shekara 20 ana wannan ja-in-ja. Majalisar tana tsoron idan fita ta yi sauƙi mazauna birni za su koma bayan ganuwa inda haya ke da araha, su tafi da harajin da ake karɓa a ƙofofin gari a kan kayan da ke shigowa. Ga kuma ƙiyayyar siyasa tsakanin 'yan majalisar da attajiran kamfanonin. Da babban baje kolin duniya na 1900 ya ƙarato, gwamnati ta sakar wa birni ragama a 1895. Ta dai tilasta a yi faɗin dogo daidai da na sauran ƙasar, amma birnin ya rama ta wata hanya: ya haƙa ramuka matsattsu, taragun metro faɗinsu mita 2.40 kacal, alhali na manyan layuka sun doshi mita 3. Metro kuma ta dama yake bi, jiragen ƙasa ta hagu. Ranar 19 ga Yuli 1900 aka buɗe layin farko ƙarƙashin jagorancin injiniya Fulgence Bienvenüe, kuma babu jirgin bayan gari ko ɗaya da zai iya cusa kai cikinsa.

An yi nasarar rufe ƙofa, amma mutane sun fita abinsu. Zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu bayan gari ya fi cikin birni yawan jama'a, kuma kowace safiya manyan tashoshin suna juye wannan taron a kan metro mai tsayawa kusan kowane rabin kilomita. Tun 1936 injiniyoyin kamfanin metro suka zana taswirar jirgi mai sauri da zai gitta birnin. Abin da ya samu kafin yaƙi shi ne layin Sceaux kawai, wani tsohon layin kudu na 1846 wanda aka sa wa lantarki a ƙarshen shekarun 1930 aka miƙa wa kamfanin metro. Shi ma a Luxembourg yake tsayawa, bai haye kogin Seine ba.

Sai a watan Yuli na 1961 aka sara gatarin farko na layin mai gitta birni a gadar Neuilly. A wannan shekarar ce Shugaba de Gaulle ya damƙa wa Paul Delouvrier tsara yankin Paris, kuma tsarin da ya fitar a 1965 ya tanadi sababbin garuruwa a kewaye, waɗanda a ƙarshe suka zama biyar: Cergy-Pontoise, Évry, Marne-la-Vallée, Melun-Sénart da Saint-Quentin-en-Yvelines. A yamma kuma ana ta da unguwar ofisoshi ta La Défense. Dabarar layin mai sauƙin faɗi ce. A ɗauki tsohon layin Vincennes a gabas, a ɗauki tsohon layin Saint-Germain a yamma, a ɗinke su da rami mai faɗi, mai zurfi, mai 'yan tashoshi kaɗan. Yin sa ne ya yi wuya. Haƙar ta yi ta tafiyar hawainiya, kuɗi suka yi ta ƙaruwa, aka riƙa buɗe layin gutsure-gutsure: Nation zuwa Boissy-Saint-Léger a 1969, La Défense zuwa Étoile a 1970, Auber kusa da tsohon gidan Opéra a 1971. A watan Oktoba na 1972 layin Saint-Germain, ɗan farin layukan Paris, ya daina zuwa Saint-Lazare bayan shekara 135, ya shige rami daga Nanterre.

Tashoshin da aka gina a wannan zangon ba a yi musu rowa ba. Dandamalin Auber tsawonsa mita 225 ne, a ƙarƙashin wani rufi mai tsayi da ya sa mutane suka riƙa kwatanta wurin da babbar majami'a. Masu lissafin kuɗi a ma'aikatar kuɗi ba su ji daɗin wannan ado ba, kuma na ɗan lokaci aka yi ta shakkar ko za a ƙarasa tsakiyar. Shekara biyar ana da rabin layi a yamma, rabi a gabas, da giɓin da bai kai kilomita 6 ba tsakanin Auber da Nation.

Abin da ya buɗe hanya kasuwa ce. Tun ƙarni na 12 babbar kasuwar abinci ta Paris take a Les Halles, a cibiyar birni, kuma a farkon 1969 aka kwashe ta zuwa Rungis a kudu. Daga 1971 aka fara rushe rumfunan ƙarfe da gilashi da Victor Baltard ya zana, duk da ƙorafin masu kishin kayan tarihi. Ɗaya daga cikinsu an kwance ta an sake ɗaura ta a Nogent-sur-Marne, a kan wannan layi dai. A gurbin kasuwar aka haƙa wani ƙaton rami buɗaɗɗe wanda ya daɗe a haka har wani mai shirya fim ɗan Italiya, Marco Ferreri, ya ɗauki fim ɗin kaboyi a cikinsa, da dawaki da komai. A ƙasan ramin aka shimfiɗa tashar Châtelet-Les Halles mai layin dogo bakwai da dandamali huɗu. A watan Disamba na 1977 Shugaba Valéry Giscard d'Estaing ya buɗe ta. Gabas da yamma suka haɗu suka zama layin A, layin Sceaux ya haye ƙarƙashin Seine daga Luxembourg ya zama layin B, kuma sunan RER, wato jiragen yanki masu sauri, ya shiga bakin kowa.

Fasalin tashar da tunanin da ke bayansa ba a Paris kaɗai aka samo su ba. A farkon shekarun 1970 injiniyoyi irin su Louis Sato da Philippe Essig sun yi nazarin Tokyo, inda jiragen bayan gari na kamfanoni daban-daban ke shiga ramukan metro su fita ta ɗaya gefen. Darasin shi ne ba sai an gina sabon layi daga farko zuwa ƙarshe ba, a bar jiragen da ake da su su bi ramin. A Paris wannan na nufin sai hukumomi biyu sun haɗa kai: RATP mai metro da layukan A da B, da SNCF mai jiragen ƙasa baki ɗaya tun 1938. Kuma kusan komai nasu ya bambanta. RATP tana aiki da lantarki mai ƙarfin volt 1,500, layukan SNCF na arewa 25,000. Dokokin tuƙi daban, ƙungiyoyin ƙwadago daban. Matsalar lantarki ta zo da sauƙi, aka ƙera jirgin MI 79 mai iya cin kowanne. Layin B ya isa Gare du Nord a 1981, daga 1983 jirage suka fara zarcewa arewa, ciki har da reshen filin jirgin saman Charles de Gaulle, wanda matafiyi daga Yamai ko Abuja ke shiga idan ya sauka.

Matsalar mutane ce ta ƙi ƙarewa. Har 2009, duk jirgin layin B da ya iso Gare du Nord sai direban RATP ya sauka na SNCF ya hau, ko akasin haka, fasinja na zaune suna jira. Idan mai karɓa bai iso ba, jirgi ya tsaya, na bayansa ma su tsaya. A layin A irin wannan canjin hannu a Nanterre-Préfecture ya ci gaba shekaru bayan an soke na Gare du Nord. Ranar yajin aiki kuwa sanarwar da mazauna bayan gari suka haddace ita ce an dakatar da haɗin layi. Ma'anarta a sauka a Gare du Nord, a hau sama a nemi jirgi a tsofaffin dandamali, kamar dai ba a taɓa haƙa rami ba.

Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce, kuma bai kamata a rage mata daraja ba. Mutumin Boissy da a da sai ya sauka a Bastille ya shiga metro ya sake neman bas, yanzu a kujera ɗaya yake zaune har La Défense. Katin wata na Carte Orange da aka fito da shi a 1975 ya sa tikiti ɗaya ya wadatar a jirgi da metro da bas, don haka sauya jirgi ya daina zama ƙarin kuɗi. Jirgin da ke ratsawa ba ya ɓata lokacin juyawa a tsakiyar birni inda fili ya fi tsada, shi ya sa layin dogo biyu a rami ke ɗaukar abin da sai dandamali da yawa za su ɗauka a tashar ƙarshe. Sababbin garuruwan Delouvrier ma da wannan layi suka tashi. Marne-la-Vallée ta samu reshenta tun ranar buɗewa a 1977, aka yi ta tsawaita shi har Chessy a 1992, shekarar da aka buɗe Disneyland a can. Jiragen Cergy, waɗanda da Saint-Lazare suke zuwa, an shigo da su layin A a 1988, na Poissy a 1989.

A nan ne lissafin ya fara juyewa. Layin A ya zama mai rassa uku a yamma, biyu a gabas, tsintsiya mai maɗauri ɗaya, kuma maɗaurin shi ne layin dogo biyu tsakanin Nanterre da Vincennes. Gidaje sun yi yawa a gabas, ofisoshi sun taru a yamma, kowace safiya taron ya kwararo ta fuska ɗaya. Kafin shekara goma da buɗewa layin ya cika maƙil. A 1989 aka sa masa na'urar SACEM, wadda ke nuna wa direba a gabansa iyakar gudun da zai yi, ta ba shi damar matsowa dandamali tun jirgin gaba bai gama fita ba. Da haka aka kai jirgi ɗaya kowane minti biyu. Aka kawo jirage masu bene daga 1997, kowane tarago da ƙofofi uku masu faɗi a kowane gefe. Aka gina layin metro na 14 a 1998 da layin E a 1999, dukansu don rage masa kaya. Duk da haka layin mai tsawon kilomita 109 da tashoshi 46 yana ɗaukar sama da mutum miliyan ɗaya a ranar aiki.

A dandamalin Châtelet da ƙarfe takwas na safe ana ganin abin da ido. Kowane jirgi yana ɗauke da suna mai harafi huɗu a goshinsa, kuma harafin farko ne ke faɗin inda zai ƙare: Z na Saint-Germain, N na Boissy, Q na Chessy. Shekaru da dama akwai allo a sama mai jerin sunayen tashoshi, da 'yar fitila a gefen kowane suna, wadda ta kunnu nan jirgin zai tsaya. Ɗan gari kallo ɗaya yake yi ya san nasa ne ko ya ja baya. Ƙofofi su buɗe, masu sauka su turo, masu hawa su danna, ƙararrawa ta yi kuka. An ware wa jirgi ƙasa da minti ɗaya a nan. Jakar mutum ɗaya ta maƙale a ƙofa, an ci daƙiƙa 20, jirgin baya ya riga ya tsaya cikin rami, na bayansa ya rage gudu, kuma kafin rabin awa mai jira a Cergy, kilomita 30 daga wurin, shi ke duba agogo.

Wannan ita ce asarar da ba a cika rubutawa a takardun buɗe layi ba. Lokacin da kowane layi ke da tasharsa, matsalar Vincennes a Vincennes take kwana. Yanzu sigina ta lalace a gabas, yamma ta makara. Inda abin ya fi muni shi ne tsakanin Châtelet da Gare du Nord. Da aka ƙirƙiro layin D, wanda ya iso Châtelet a 1987 ya zarce Gare de Lyon a 1995, ba a haƙa masa ramin kansa a wannan zangon ba, aka cusa shi cikin na layin B don tsimin kuɗi. Aka tsara jirage 32 a awa ɗaya a kowace fuska, 20 na B, 12 na D. A takarda ya yi daidai. A aikace layuka biyu masu tsawon gaske, kowanne da rassansa, sai sun iso bakin rami ɗaya a kan daƙiƙar da aka rubuta musu, kuma ba safai suke yin hakan ba. An sha maganar haƙa rami na biyu, kuɗinsa ke sa a mayar da takardun cikin durowa.

Maganin da hukumomi suka koma yi a shekarun baya-bayan nan shi ne rage wa ramin buri, kuma mazauna rassan ne ke biya. A 2013 aka sake tsarin arewacin layin B, jirage suka koma tsayawa a kowace tasha a lokacin cunkoso. Na kusa da birni suka samu ƙarin jirage, na nesa suka rasa masu tsallake tashoshi. A ƙarshen 2017 layin A ya rage yawan jiragen da ya yi wa jama'a alkawari da safe, aka buɗa tazarar zuwa minti biyu da daƙiƙa 20, bisa hujjar cewa jadawalin da za a iya cikawa ya fi wanda ake karyawa kullum. Hujjar tana da ƙarfi. Wanda ya fi zafi shi ne na layin D a watan Disamba na 2018. Jiragen Malesherbes, garin da ke fiye da kilomita 70 kudu da Paris, an datse su a Juvisy, sai fasinja sun sauka sun canza jirgi kafin su shiga birni. Magadan gari da ƙungiyoyin fasinja na yankin sun yi zanga-zanga, sun ce sun sayi gidajensu ne saboda jirgin da ke kai su Paris kai tsaye. SNCF ta ce raba su da gangar layin zai sa mafi yawan fasinja su riƙa isa a kan lokaci. Kowane ɓangare gaskiya ya faɗa, amma datsewar ce ta tabbata.

Paris ba ta fasa ɗinke layuka ba, sai dai yanzu tana yi da taka-tsantsan. A watan Mayu na 2024 layin E ya zarce daga Haussmann-Saint-Lazare ta wani sabon rami mai kusan kilomita 8, ya bi ta Porte Maillot da La Défense zuwa Nanterre. Wannan karon ramin nasa ne shi kaɗai, hukuma ɗaya ce ke tuƙa jiragen daga farko zuwa ƙarshe, kuma ana girka masa sabuwar na'urar sigina mai suna NExTEO da ake sa ran za ta kai shi jirage 22 a awa. Zangon da ya rage shi ne zuwa Mantes-la-Jolie ta Poissy. Idan aka gama shi, jiragen wannan hanya da yanzu ke ƙarewa a dandamalin Saint-Lazare na sama za su koma ƙarƙashin ƙasa su zarce gabashin yankin, wuraren da suka bari kuma su rage wa sauran jiragen bayan gari da na Normandiya matsi.